Ranar da Na Zama Al'ummomi

Da takalmi ƙafa ɗaya na shiga ofishin Mai Girma ranar Talatar da ta wuce. Ɗaya ƙafar tana can cikin taɓon mashigin ruwan da ya raba ƙauyenmu da hanyar Danchadi, kuma mashigin nan shi ne ma dalilin tafiyar.

Ga wanda bai san ni ba, tsohon malamin Hausa ne ni a firamare. Na yi furfura ina koya wa yara bambancin tilo da jam'i, yanzu kuwa albasa nake nomawa kamar kowa. Ruwan farko na bana ya yi awon gaba da kwalbatin da motoci ke bi su shigo mana, ga albasar da muka ajiye tun rani muna jiran ta yi daraja ta fara jin danshi tana ruɓewa. Direba ko ka haɗa shi da Allah ba zai sako motarsa ba.

Lokacin neman ƙuri'a, Mai Girma Garkuwan Alkawari, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya tsaya a kan mota ya ce zai gina mana "kwalbatoci". Na fi kowa tafi a wurin. Sai daga baya nahawuna ya farka. Bahaushe in da gaske zai ƙirga abu, ba ya wahalar da kansa da jam'i. Cewa yake kwalbati biyu, kwalbati uku, ka je ka duba da idonka. Jam'i tsurarsa kuwa, wanda ba lamba a bayansa, ba a kama mutum da shi.

Muka yi taro bayan la'asar. Maƙwabcina Maniru, wanda ya fi kowa albasa, ya miƙe yana huci.

"Gobe mu duka za mu, kowa da kowa. Malam Attahiru shi ka magana, shi yas san Hausa."

Kaina ya yi girma. Na tsara jawabi mai zafi wanda ya fara da "Mu mutanen gari", na yi ta maimaita wa matata Hajjo har ta ce miyarta na ƙonewa.

Da safe na fito da babbar riga, sai na tarar da Malam Badaru mai makarantar allo shi kaɗai a bakin masallaci. Maniru ya aiko cewa cikinsa ya ɓaci. Sauran ko aike ba su yi ba.

Na ce, "Malam, mu biyun ga, ya halatta in ce mu mutanen gari?"

Ya shafa gemu. "Ga Hausa ya halatta. Ga Larabci kau biyu ba jam'i ba ne, musanna aka ce mai. Sai mun kai uku."

"Da mai kabu-kabu mun kai."

"Shi aiki nai shika yi, bai cikin lissahi."

Da muka iso mashigin, mai babur ya ce mu sauka mu taka. Malam Badaru ya dubi ruwan, ya dubi farar rigarsa, ya tuna akwai suna da zai raɗa. Ya ce zai raka ni da addu'a. Kafin ya juya ya bar min guzuri: wai malaman hisabi na dauri ba su ɗauki ɗaya a matsayin adadi ba, tushen adadi ne kawai. Ke nan na doshi ofis ni ba jam'i ba, ba musanna ba, ko lamba ban cika ba. A tsakiyar ruwa kuma taɓo ya karɓi takalmina na hagu.

Na tarar da Mai Girma shi kaɗai a kan doguwar kujerar da za ta ɗauki mutum huɗu, sanyin ɗakin har cikin ƙashi. Na durƙusa.

"Ranka shi daɗe, mu mutanen gari mun taho..."

Ya leƙa bayana, ya leƙa ƙofa. "Ku da wa?"

Jawabin ya bi iska. Na ce sauran suna tafe a zuci.

Ya yi murmushi. "Mun ji daɗin zuwanku. Muna sane da matsalolinku, kuma ba mu barci."

Ni ma na so in leƙa bayan kujerarsa in ga su waye ba su barci, amma ladabi ya hana. Haka muka zauna, mutum ɗaya yana fuskantar mutum ɗaya, kowa yana magana da yawun taro.

Na yi ƙarfin hali na ambaci kwalbati da albasa. Ya gyara hula ya ce, "An riga an zauna a kai. Ana nan ana dubawa. Za a yi."

Jama'a, ni na koyar da wannan wakilin sunan, na "an" da "ana" da "za a". Shi ba tilo ba, ba jam'i ba, ba namiji ba, ba mace ba. Ba shi da gida balle ka yi masa sallama. Tambaya ɗaya ta kamata: ranka shi daɗe, wane ne zai yi? Tana kan harshena aka kawo lemo mai sanyi. Mai Girma ya yaba Hausata, ya ce irina ake nema. Wani ya ɗauke mu hoto daga ƙirji zuwa sama, don kada ƙafata ta fito. Abin da na ji bakina yana faɗi shi ne, "Mun gode, mun gode, Allah shi ƙara girma."

Ban gama wanke ƙafa a gida ba, ɗan ƙanwata Ashiru, mai koyar da lissafi a Shagari, ya kira ni. Ya ce hotona yana yawo a waya, an rubuta a ƙasa: "Al'ummomin yanki sun kawo ziyarar godiya."

"Kawu, ɗaya sau nawa ka ba da al'ummomi? In koya ma yara."

Na kashe wayar.

Maniru, wanda cikinsa ya warke cikin ikon Allah, ya zo har zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye min albasa guda, ruɓaɓɓiya, a kan tabarma, ya ce, "Ga ta Maniru, Malam. Ban san ta al'ummomi ba." Wannan ta fi zagi ciwo, domin da albasar nan yake ciyar da gidansa har kaka.

Kunya ta sa washegari na fita da buhu da shebur tun da sassafe, na nufi mashigin. Da mutane suka ga tsoho yana cika buhu da yashi, sai suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Malam Badaru ya naɗe riga, Maniru ya kawo amalanken shanu cike da duwatsu. Kafin magariba ƙaramar mota ta ratsa, ta fita da lodin farko. Gyaran ba zai jure babban ruwa ba, amma albasar bana ta tsira.

Gaskiyar magana, buhu ɗaya na ɗaga bayana ya riƙe, sauran yinin a gindin bishiya na yi shi ina ba da umarni. Duk da haka duk wanda ya tambaye ni sai in ce, "Mun gyara abinmu." Hajjo tana shafa min man zafi ta ce, tunda aikin na kowa ne, ko za ta kai wa maƙwabta sauran man su ma su shafa?

Na ce ta bar shi nan. Ciwon baya dai, duk iya nahawuna, na kasa sama masa jam'i.