Yadda Za Ka Tsallake Layi Ranar Gyaran Kofato

Kai da ka ajiye goɗiya a bargar haya, matso kusa. Takalminta na ƙafar gaba ya soma girgiɗi kamar haƙorin tsoho, autarka na da gasar hawa ta farko a rayuwarta, ga shi ɗakin goɗiyar ne na can ƙuryar barga. Kowa kuwa ya san ƙa'idar Baba Maƙeri, mai sa wa dawakin bargar takalmin ƙarfe: daga ɗakin bakin ƙofa yake farawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, inda bayansa ya ce ya isa nan yake tattara kaya. Zuwansa na gaba ya faɗo ana gobe gasa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari goɗiyarka za a fara taɓawa.

1. Kada ka kuskura ka faɗa masa gaskiya

Wani mara wayo zai kira shi ya ce, "Baba, takalmi ya saki, yarinya na da gasa, a taimaka." Wannan ai roƙo ne, kai kuwa mai dabara ne. In uwargida ta ce, "Kai dai ka gaya masa mana," ce mata harkar doki ba ta gida ba ce.

2. Ishe shi da gaisuwa

Kira shi safe da yamma. Tambayi bayansa, tambayi iyali, tambayi motarsa. In za ka kashe wayar, ja dogon numfashi ka ce, "Mu dai 'yan ƙurya sai haƙuri, kullum mu ne na ƙarshe." Zai ce, "Allah ya kai mu." Kada ka tsaya tunanin abin da yake nufi.

3. Yi musayar ɗaki

Allah ya kai mu ba alkawari ba ne. Ranar da zai zo, yi sammako ka riga kowa. Ɗakin bakin ƙofa na Mai Gemu ne, mutumin da ba ya leƙo barga sai rana ta take. Kwance dokinsa ka kai shi ƙuryarku, ka dawo da goɗiyarka bakin ƙofa. Dokin zai bi ka da harara. Rabu da shi, ba shi da bakin kai ƙara.

4. Shirya wuri

Share gaban ɗakin tas, goge kofato ya bushe, ajiye kujera da shayi mai zafi. Baba na son wuri mai haske da ƙasa mai tsabta, kuma ya cancanta: takalmin da ya buga ba ya faɗuwa sai lokacinsa ya yi. Motarsa na tsayawa, ruga ka karɓi akwatin guduma da awartaki. Yana da nauyi, amma mai nema ba ya raki.

5. Riƙe fuskarka

Nan ake gane namiji. Baba zai kurɓi shayi, ya ɗaura fatar aikinsa a ƙugu, ya dafa kafaɗarka ya ce, "Yaro, maganarka ta tsaya min a rai. Yau daga ƙurya zan fara, saboda kai." Sai ya wuce wurin da ka share, ya nufi ciki.

Bi shi da akwatin. Zai ɗaga ƙafar dokin da ya tarar, ya dubi kofaton, ya dube ka.

"Wannan ai na Mai Gemu ne."

Ce masa, "E to, Baba, iskar nan ta fi masa."

"Madalla. Ni dai ɗaki nake bi. Riƙe min kansa."

Riƙe. Daidai lokacin Mai Gemu zai shigo yana hamma, ya ga ana yi wa dokinsa yankan kofato kai kana lallashinsa, ya rungume ka ya ce, "Kai, maƙwabci irinka sai an tona!" Amsa da amin.

6. Raka layi

Yanzu goɗiyarka ce ta ƙarshe, da hannunka ka kai ta. Bi Baba ɗaki ɗaki, miƙa ƙusa, miƙa magagari, kana satar kallon bayansa. Saura ɗaki kaɗan zai miƙe a hankali, ya dafe ƙugu ya ce, "Wash! Yau kam ya isa." Nan ma kana iya faɗin gaskiya, amma ga Mai Gemu tsaye yana yabonka gaban jama'a. Kai masa akwatin mota, ka yi masa Allah ya kiyaye hanya.

7. Koma gida

Za ka tarar da auta a bakin ƙofa, ta riga ta goge takalman hawanta tana jira. Za ta ce, "Abba, an gyara?" Wannan matakin kam ban taɓa jin wanda ya iya shi ba.

A kula

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ba ni na kwance doki ba, ba ni na dafa shayi ba. In uwargida ta kira Baba da kanta, ya ce, "Haba, don me bai faɗa ba? Gasar yarinya guda! Gobe da sassafe ina nan," wannan tsakaninku ne. In kuma auta ta dawo da kyauta ta wuce ka ta kai wa Baba Maƙeri ya fara gani, kada ka neme ni. Je ka kwashe kofin shayinka, yana nan inda ka bar shi.