Furfurar Da Na Saya Da Kuɗina

Ba zan taɓa mantawa da zuwan mahaifiyar Sadiku Dubai ba. Sadiku shi ne mai nemana da aure a lokacin, yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, ni kuma ina wani ofishin kago, wato jigilar kaya, a Al Khabaisi. Hajiya, mahaifiyar tasa, ta zo daga Kano sayen kaya, aka shirya za mu haɗu a wani taron suna a Al Warsan, mata zalla. Ke nan kowa za ta cire mayafi ta sake.

Gashina ruwan ƙasa ne mai haske, gadon kakata Bafulatana, kuma lafiyarsa ƙalau. Ni ce dai na ga bai isa ba. Na tafi wajen gyaran gashi na ce a yi mini siraran layuka masu haske, irin na Larabawa.

Mai gyaran ta ɗaga gashin ta duba. Ta ce, "Habibti, ruwan zuma zai dace da ke. Shwayya, ɗan kaɗan kawai, daga tsakiya zuwa ƙasa."

Na ce a'a, ruwan toka nake so, kuma tun daga tushe (na gani a waya ya yi wa wata kyau, ban tsaya tunanin matar Baturiya ce ba). Ta sake tambayata, na ce khalas, na gama magana, a yi. A ƙarƙashin fitilun shagon kuwa na ga kaina kamar matar gwamna.

Ranar suna na durƙusa na gaida Hajiya, ta amsa da fara'a. Da aka zauna cin shinkafa sai na zame ɗankwali a hankali, ina jiran yabo. Hajiya ta dube ni, ta dubi kaina, ta ajiye cokali. Ta matso ta rage murya (ragewar da duk falon ya ji).

"'Yar nan, kada ki ji kunya, ni ma da wuri ta fito mini. Amma tsakani da Allah, shekara nawa kika ba Sadiku?"

Na ce, "Hajiya, ai rini ne. Ado ne."

"Ado? Ni ina shafa baƙi ina ɓoye tawa, ke kuma kin je an dasa miki?"

Matan suka kwashe da dariya, har mai jego tana riƙe ciki tana roƙon a bari. Na jawo ɗankwalina na ɗaure har gira, na ci gaba da tura shinkafar da ban ji ɗanɗanonta ba.

Auren dai an yi, alhamdu lillahi. Sai dai har yau in na kira Kano, Hajiya "Yaya" take ce mini, ta tambayi lafiyar gwiwoyina. Abin da na koya shi ne, duk adon da sai kin yi wa suruka bayaninsa, ki bar shi a cikin waya.