Ƙabar Gaskiya da Gwaiwar Duma

Jiya da hantsi aka tabbatar mini a gaban jama'a cewa lafiyata ƙalau. Ni mai jikin ban sani ba, sai da manya suka gaya mini.

Kun san an kai amfanin gona rumbu, an shiga gyaran ganuwa. Bara, a wannan aikin, na sunkuya zan ɗaga kwandon jar ƙasa sai na ji wani abu ya ɓullo mini a matsematsi, kamar ƙwan zabuwa. Maitama wanzami ya taɓa ya ce, "Malam Bature, ƙaba ce. Fatar ciki ta yi rauni, hanji ya sami ƙofa. Akwai ta cibiya, wadda yara ke zuwa da ita. Akwai irin taka, in ta gangara maraina ita ce gwaiwa. Ɗaukar nauyi na kawo ta, haka tsohon tari da yawan yunƙuri a bayan gida. Ka bar kwando. Ran da ta fito ta ƙi komawa, a nemi likkafani."

Wallahi na tsorata. Ganuwar kuwa, tubalin da muka yi mata ya ɓata hanya, ya zama sabon zaure a gidan mai garinmu, Mai Babbar Riga, Allah ya ƙara wa rigarsa faɗi.

Bana sai tausayi ya kama shi. Aka yi shela: duk mai gwaiwa an ɗauke masa aiki. Kafin azahar babu sauran duma a kasuwar Kafur. Maƙwabcina Maharazu, ƙato mai kayar da bijimi, ya fito yana tafiya a tattale.

Na ce, "Maharazu, yaushe?"

Ya ce, "Ta gado ce. Jiya ta iso."

Washegari da hantsi aka tara mu a inuwar tsamiya don a duba mu. Kunya ta hana a kwance wando, don haka baran Mai Babbar Riga ya shimfiɗa tabarma: ka kwanta rigingine, ya zungura da sanda. Maharazu ya kwanta, abu ya tashi kamar tulu. Sanda ta taɓa, muka ji ƙwas! Bara ya girgiza kai ya ce, "Subhanallahi, har ta ƙeƙashe. Sannu, bawan Allah, je ka huta."

Ni kuwa, tawa mai ladabi ce. Ina tsaye tana waje, ina kwanciya ta koma ciki sumul. Bara ya zungura nan, ya zungura can, bai sami komai ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in miƙe in yi tari, za ta fito ta gaishe ka."

Ya ce, "Umarni bai ce a yi tari ba."

Aka yanke mini kwando biyu a madadin ɗaya, ladan ƙarya. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. To, nawa dai kwando ya huda.

Matata Hansai ta miƙo mini ɗan duma ta ce, "Malam, don Allah ka bi sahu, ranka ya fi." Na ƙi. Ba don tsoron Allah kaɗai ba, wurin da za a sa shi ne akwai mai shi.

Da yamma na koma wa Maitama. Ya ce in na jure wa kwando biyu, kuma rai ya kai, baɗi za ta sauka har gwiwa, ko na kwanta ba za ta ɓuya ba.

Kun ga laifina da nake zagin manya. Ashe hutun nawa suke gina mini.