Tulunan Iska na Amirul Bahri

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa tekuna nesa da Agadas, amma bai hana garin samun masanin teku ba. Wannan masani shi ne Alkasum na unguwar Dagmanet, mai gyaran fitilu da resho, wanda muka yi wa laƙabi da Amirul Bahri, wato sarkin teku. Ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na ƙoramar Telwa, kuma ya tsaya masa a gwiwa.

A shekarar fari ta tamanin da huɗu, kamyon wasu nasara masu zuwa bakin teku ya mutu a garinmu. Suka tafi suka bar tuluna takwas na sanholo, farin ƙarfen nan da ake zuba tukwane da shi. Dogaye ne, masu ƙaramin baki, an shafe su da launi rawaya da duk ya ɓaɓɓare. Direban ya ce masu nutso ke cika su da iska, su goya a baya, su riƙa shaƙa a ƙarƙashin ruwa. Alkasum ya kwashe su zuwa gida a kan jaki, yana tafe a gaba kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

A watan ne kumandan, sojan da ke mulkin yankin, ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya nuna aikin hannu mafi amfani, shi za a ba shugabancin maƙera da rumfa a bakin kasuwa. Shekara ashirin Alkasum yana aiki a ƙarƙashin bishiya. Rumfar nan ta shiga ransa har ta hana shi jin daɗin shayi.

"Ku kuna tunanin rijiya," ya faɗa wa majalisarmu, "ni ina tunanin ƙasashen waje. In na sabunta waɗannan, daga Lome za a zo nema. Nomau ya ci gaba da liƙin bokitinsa, kowa da iyakar hangensa."

Nomau tsohon maƙeri ne, ba ya magana sai an tambaye shi. Ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

A nan ya wajaba in ambaci wani malami da Alkasum ya je wa shawara, dattijo mai farin gemu da tarin littattafai, wanda ya karanta babin masu nutson lu'ulu'u har da sharhinsa. Malamin nan ni ne. Ya tambaye ni yadda ake raba ƙarfe da launi. Da na ce ban sani ba, da na samu lada. Sai na gyara rawani na ce, "Magabata sun haɗu a kan cewa wuta ce ke tsarkake ma'adinai." Ya nuna mini wasu adadi da haruffa da aka buga a wuyan kowane tulu. Na duba su ta sama, na duba su ta ƙasa, ban gane ko ɗaya ba, saboda haka na yanke hukuncin cewa tabo ne.

Amirul Bahri ya haƙa rami ya cika da gawayi. Ya kwantar da tulunan a kan garwashi, yana juya su kamar mai gashin rago, har launin ya ƙone ya zube. Hayaƙin ya kori kajin unguwa. Ya goge su da rairayi da toka. Ya sa magagari ya share tabon nan na wuya sarai, kana ya zana musu adon da ake yi wa azurfa. Na rantse, sun yi kyau. Mutum na iya duba rawaninsa a jikinsu, kuma na duba.

Matarsa Tabawa ta leƙo ta ce, "Malam, abin nan ko cokali ba ya shiga bakinsa. Me za a dafa a ciki?"

"Ba a halicce shi don dahuwa ba, baiwar Allah," in ji ni, cikin tausayin jahilcinta.

Ranar nuni, Alkasum ya jera su a kan jan bargo, ya sa babbar rigar aro. Nomau ya ajiye bokiti biyu da guga ɗaya da ya liƙe. Kumandan ya iso da wani ajidan siriri, ƙaramin hafsan soja, wanda aka ce ya yi horo a ƙasar da ke da teku.

"Ranka ya daɗe," in ji Alkasum, "nasara sun ƙera, amma Agadas ce ta kammala."

Ajidan ya durƙusa ya shafa wuyan tulu. "Ina hatimin?"

"Na kawar da shi. Aibi ne."

"Shi ne shaidar gwajinsu, baba. In babu shi, ba mai cika su. Da me ka cire launin?"

"Da wuta," in ji Alkasum, yana kallon jama'a don su ji.

Ajidan ya miƙe ya ja da baya. Ya ce sanholo in ya sha wuta ƙarfinsa ya tafi, ko da ido bai gani ba. Wanda ya ɗura wa waɗannan iska, fashewa za su yi, sai dai a tsinto shi.

"To yanzu mene ne su?" in ji kumandan.

"Kayan narkarwa, mon kumandan."

Nan take aka ba Nomau rumfar. Aka kuma umarci Alkasum ya kai masa tulunan, a zuba tukwanen dafa wa makiyayan da fari ya koro bakin gari. Tabawa, daga cikin mata, ta ce alhamdulillahi da ƙarfin da bai dace ba.

Kumandan ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Wa ya ba ka wannan dabara?"

Na fara neman takalmana. Alkasum, wanda tun da na san shi bai taɓa raba yabo da kowa ba, ya kamo hannun rigata ya ɗaga sama a gaban dukan kasuwa.

"Ranka ya daɗe, ni hannu ne kawai. Ilimin duka na Malam ne."