Ranar da Na Katse wa Tukunya Magana

Ba zan taɓa mantawa da daƙiƙa arba'in ɗin nan ba, ni da nake manta inda na ajiye makullin ɗakina kusan kullum. Daƙiƙa arba'in kacal aka buƙaci in yi shiru a gaban jama'a, na kasa.

Ni marubuciyar waƙoƙi ce, ina zaune a Durumi, kuma tun ina firamare Rediyo ake ce mini a gida. Bakina ba ya hutawa, ƙafata ba ta hutawa, tunanina kuwa sai ya je Zariya ya dawo kafin mutum ya gama yi mini sallama. Sai da na haura shekara talatin wata likita ta gaya mini abin yana da suna, wai ADHD. Har daɗi na ji, ashe ba tsabar iskanci ba ne kamar yadda Goggo ta yanke hukunci tun tuni.

Abokin aikina Bitrus ne, mutumin Filato, mai haɗa sauti a wani sutudiyo. Shi ma ƙwaƙwalwarsa ba irin ta kowa ba ce. Yana da otizim, kuma shi da bakinsa ya gaya mini ranar da muka haɗu, kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Ba ya kallon mutum ido da ido, hayaniya ciwo take yi masa, amma kunnensa yana kamo abin da mu ba ma ji. Ya shekara da shekaru yana yawo da na'urar ɗaukar sauti, sai dai ya daina bari kowa ya saurara tun ranar da wani mawaƙi ya ɗora ganga a kan aikinsa bai tambaye shi ba.

Wata uku ina binsa da magiya mu yi aiki tare, ni in kawo waƙa shi ya kawo sauti. Ranar da ya yarda, takalmina yake kallo ya ce, "Anti, sharaɗi ɗaya ne. Abin da mun shirya, shi za mu yi. In kin canza a gaban mutane, ba zan sake ba."

Na rantse masa har da dafa ƙirji.

Muka yi ta zarya Ushafa, gidan Mama Jummai, wata dattijuwa mai ginin tukwane. Bitrus yana ɗaukar ƙarar kirɓa yumɓu da ta wuta in ana gashi, ni ina rubutu (da surutu, har sai ya ɗaga mini tafin hannu, wato in dakata). Baitukana goma sha biyu ne, ya mayar da su biyar, ya ce, "Maganan ya yi yawa." Na yi fushi kwana biyu, a na uku na gane gaskiyarsa. Shi kuma na hana shi goge dariyar jikokin Mama da ta faɗo cikin ɗauka, duk da ya ce ba ta cikin tsari. Haka aikin ya ginu, ni ina watsawa shi yana tattarawa.

Saura kwana uku a gabatar, ya turo mini takarda shafi huɗu, ya rubuta abin da zai faru a kowace daƙiƙa. Na karanta shafi ɗaya da rabi, ƙanwata ta kira, na tashi neman caja, na tsinci kaina ina wanke firiji. Washegari ya tambaye ni, "Kin karanta?"

Na ce, "Tsaf!"

Ranar Asabar bayan la'asar, ɗan zauren da aka ba mu ya cika. Mama Jummai tana layin gaba ta ci kwalliya, ta zo da tukwane da curin yumɓu don masu kallo su gani. Bitrus yana can baya da kwamfutarsa, ya toshe kunnuwa da abin sauraro. Muka fara, abin gwanin sha'awa. Muryata tana hawa kan ƙarar kirɓi, mutane suna gyaɗa kai, ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake. Na gama baiti na huɗu, ƙarar wuta ta tashi ta cika zauren, sannan ɗif!

Shiru.

To, a garin nan in lasifika ta yi ɗif, fassara ɗaya gare ta: an ɗauke wuta. (Fanka tana juyawa a saman kaina, fitilu duk a kunne, amma wa ya ga ta dubawa?) Na hango Bitrus, ya ɗaga mini tafin hannu. Alamar da na sani sarai, amma a ranar sai na karanta ta da "Anti, ki cece ni." Ni kuwa na zage na shiga ceto.

"Jama'a, a yi haƙuri, kun dai san halin wutar ƙasar nan!"

Aka yi dariya. Dariya kuwa ita ce man fetur ɗina. Na buga makirufo da yatsa ina "gwaji, gwaji." Na ba da labarin yadda Goggo take gyara rediyonta da mari. Don in nuna a aikace, na taka har gaban lasifika na zabga mata nata marin.

Sai Mama Jummai ta miƙe tsaye ta ce, "Ke yarinya, ki yi shiru mana! Tukunya yana magana!"

Na yi tsit da hannu a sama. A lokacin na ji shi, can ƙasa ƙasa: ƙis... ƙis... ƙis. Ƙarar da tukunya take yi in tana hucewa bayan an fito da ita daga wuta. Sau uku Bitrus yana komawa Ushafa shi kaɗai, yana tsugune a bakin toka sa'o'i, kafin ya kama ta. Ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, tana shafi na huɗu, ni kuma na mare ta a gaban mai ita.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da na ɗaga kai, Bitrus ya rufe kwamfuta ya fice.

Na bi shi. Na same shi a gindin wata bishiya yana kaɗa jiki gaba da baya, yadda yake yi in abu ya yi masa yawa. Haƙuri iri ɗari ya taru a bakina, na danne su duka, na tsaya nesa kaɗan. Can ya ce, "Shafi na huɗu."

"Ban karanta ba, Bitrus. Ƙarya na yi maka."

"Na sani yanzu."

"Ka ba ni sau ɗaya tak. Mu koma daga baiti na huɗu."

"Ba za ki iya ba, Anti. Arba'in ya yi miki yawa."

Ba zagi ba ne, awo ya yi, kuma awonsa daidai ne. Amma na ƙudura a raina ba zan zama mutum na biyu da ya sa ya kulle aikinsa a akwati ba. Ashe Mama Jummai ta biyo mu. Ta kama hannuna ta danƙa mini curin yumɓu mai sanyi, ta ce, "Ki ba hannu aiki, baki zai huta."

Na koma gaban jama'a na ce, "Wuta ba ta yi laifi ba, ni ce ban karanta takarda ba." (Jawabi mafi gajarta a tarihin rayuwata.) Na tsaya ina kallon ƙofa. Bitrus ya shigo, bai kalli kowa ba, ya zauna ya buɗe kwamfuta.

Muka koma daga baiti na huɗu. Ƙarar wutar gashi ta tashi, ta mutu. Na dunƙule yumɓun nan ina murza shi kamar shi ya yi mini laifi. Gumi ya jiƙa mini ɗankwali, barkwanci uku suka zo har bakin leɓena, na haɗiye su. Zauren ya yi tsit, tukunya ta yi ta ƙis ƙis ɗinta, mutum sama da hamsin suna sauraron abin da Bitrus kaɗai ya saba ji. Ban san ina hawaye ba sai da na buɗe baki zan ɗauki baiti na biyar.

Da aka watse, ya zo yana naɗe waya, ya ce wa takalmina, "Kin shigo da wuri da daƙiƙa biyu." Ya ƙara da cewa, "Na gaba a Jiwa za mu yi, lokacin sussuka. Akwai shiru na minti ɗaya."

Tun daga ranar, duk takardar da aka ba ni daga shafin ƙarshe nake fara karantawa. In kuma kun gan ni a taro na yi shiru kamar mutuniyar kirki, kada ku ce Rediyo ta shiryu. Ku leƙa hannuna, yumɓu ne.