Glasiyar Mato

"...lahiya lau, Mato. Ina gajiya? Ina tumbi?"

"Tumbi ya gode, baiwata. Wa ya kwanta, kin kwaso kwalaben asibiti?"

Haka na ji ta kan dangarmu ran nan da hantsi, shekarar da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, lemun kanti ya gagari kowa. Mato maƙwabcina ne, manomin albasa, kuma babu mai dahwa shayi irin nashi daga nan har Madawa. Rahila taubashiyarshi ce, ɗiyar ƙanwar babanshi, tana aikin girki a asibitin Mishan. An yarje mata ta sayar da abin sha mai sanyi a bakin ƙofar asibitin daga gobe, amma ba ta da inda za ta sa ƙanƙara. Glasiya, wato akwatin aje ƙanƙara, guda ce a unguwarmu, shuɗiya, wadda Mato ya zo da ita daga Abijan yana ajiye irin albasa ciki. Ga al'adarmu kuwa, abin da taubashi ya sure ya tahi da shi, ya tahi ke nan, ko mai gari ba ya amso shi. Shi ya sa Mato na hango Rahila ya jawo glasiyar ya zauna a kai daram.

"Ɗanɗanawa na kawo maka," in ji Rahila. "An ce bakinka ya san abu, ko da yake ban ga inda ya kai ka ba."

"Wagga kwalba ta ƙarin ruwa ce! Sha za a yi ko a jijiya za ki ɗaura min?"

"Na dahwa su sau biyu da ruwan zahi. Sun hi ka wanka. Amshi soɓo."

Ya ɗaga kwalbar ya duba ta a rana, ya kurɓa, ya yamutsa huska.

"Mi kika sa ciki?"

"Soɓon gonata, citta, kanumfari. Babu garin kala, babu takin zamani, babu maganin ƙwari. Wata Baturiya mai aikin jinya a asibitin ta ce a ƙasarsu irin wannan ake rububi."

"Babu taki don ba ki iya sayen taki! Talaucinki ne aka raɗa wa suna. Ashe gonar Alƙasim malalaci da ke cike da haki ita ma ta Turawa ce."

"Yaya ka ji shi dai?"

"Kamar an wanke jan zane a rijiya. Akuya ma sai ta yi shawara."

"To miƙo sauran."

"Wane saura? Na shanye don kar ya kashe wani."

Ta miƙa mashi ta biyu. Ya sansana, ya zabura, saura kaɗan ya tashi, sai ya tuna abin da yake zaune a kai.

"Rahila! Shayi ne wannan? Shayi da sanyi?"

"Da na'ana'a da lemun tsami."

"Innalillahi! Kin kashe shayi kin sa gawarshi a kwalba. Ina kumfa? Na farko ne, ko na biyu, ko na ukku? Wa aka yi hira da shi? Da Buzun da ya koya min zai ga wannan, da ya sayar da raƙumanshi ya bar ƙasar."

Wallahi ina kallo, ya jawo hurnonshi, ɗan murhun gawayi, da ƙahwa, ya juye shayin nan a butarshi, ya ɗora a wuta. Da ya tahwasa ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa, kofi zuwa kofi, har kumfa ta tashi. Sannan ya kurɓa.

"Yanzu ya zama mutum. Mara hankali dai, amma mutum."

"Na yi sammako na sanyaya shi a randa, kai ka mai da shi wuta! Kai ne za ka tsaya bakin asibiti cikin ranar bazara kana ba masu jinya ruwan zahi?"

"Su sha, ya hi masu allura."

"Mato, ara min glasiyar nan. Ƙanƙarar da za a kawo min daga Madawa ba ta kai azahar a kwano."

"Wannan? Ta ga teku, ta hau jirgin ƙasa. Ba ta zama da ɗiyar talakawa."

"Ta ga teku, ta dawo tana warin albasa, kamar mai ita."

Sai ta hiddo ta ukku, babba, lita guda cur.

"Wagga ta tsamiya ce. Ba taka ba ce, ta hi ƙarhin cikin tsohwahhi."

"Wa ne tsoho? Kawo nan!"

Ya kahwa kai. Ni dai maƙogwaronshi kawai nake gani yana hawa yana sauka.

"Tsami kamar bakin uwar mijinki. Sukari kuwa leƙawa ya yi ya wuce. Wannan ko kyauta..." Ya girgiza kwalbar, babu ko ɗigo.

 Rahila ta shimhiɗa gyalenta, ta zauna, ta soma tambayarshi labarin Abijan, abin da ba ta taɓa yi ba. Mato ya ɗauko zance tun daga tashar Ƙonni. Bai kai Wagadugu ba na ji cikinshi ya yi ƙugi har ta bayan danga.

"Rahila, ba ki da aiki a gida?"

"Na gama. Sai kunka shiga motar, sai mi?"

Ya gyara zama. Zuhwa ta karyo mashi.

"Tsamiya nawa kika jiƙa?"

"Tiya guda, tun shekaranjiya. Don kai kaɗai na yi ta. Ta sayarwa ba ta kai haka kauri ba."

Ya dubi bayan gida, ya dubi glasiya, ya dube ni. Na ce ni ba ruwana, kallo na zo.

Sai ya ƙyalƙyale da dariya yana dahe da ciki.

"Allah ya isa, baiwar banza! Juye min irin albasata a ƙwarya, kar ki zubar ko ƙwara. Kuma soɓon nan, ki ƙara citta, ki aje min kwalba guda kullum."

"Na akuya?"

Ya miƙe ya ruga bayan gida. Takalminshi guda ma nan ya bar shi.