Inda Dakta Jerko Ya Gano Kifi

"Kafin a fara kaɗe zaitun, yuro dubu ɗari uku na hannuna! A tsibirin nan kaf, wa ya san teku kamar ni?"

Dakta Jerko Vidulić ke nan, yana dukan tebur a shagon kofi na bakin tashar jiragen ruwa. Kai da ba ka san shi ba sai ka ɗauka a ruwa aka yanke masa cibiya, alhali ko jirgin fito ya shiga sai an tanadar masa bokitin amai. Shekara goma sha biyu yana wata cibiyar bincike a birnin Split bai taɓa kawo ko sisin tallafi ba, har shugaban ya gaji ya ce masa, "Bana ko ka kawo kuɗi, ko ka kwashe tarkacenka." Ana haka wata gidauniya ta buɗe neman tallafi kan gaɓar teku da kamun kifi da juriyar mutanen bakin ruwa, gogan naka ya tattaro takardu ya dawo gida wajen uwarsa.

Abu ɗaya ya rage masa: gidauniyar tana son lambobin da na'urar nuna wuri ke bi ta kai mutum wuraren da masunta ke samun kifi. To a nan yankinmu na Dalmaciya, masunci ya gaya maka inda yake jefa taru? Ko ƙaninsa ba ya gaya wa. Sai yana gargarar mutuwa yake raɗa wa ɗansa, shi ma idan ɗan ya yi biyayya. Jerko ya san wannan sarai, amma ya ce ai shi Dakta ne.

Ya sayo giya kwalba huɗu ya tari Bartul, dattijon masuntan garin, wanda ake kira Barba, wato kawu.

"Barba, don ci gaban ilimi nake roƙo."

"Ilimi? Ai ba a yi wa ilimi rowa, ɗana," in ji tsohon, ko murmushi babu. "Dawo gobe."

Washegari tsohon ya miƙo masa takarda ɗauke da lambobin wuri uku. Ya dafa na ƙarshen ya sassauta murya. "Wannan kam tun zamanin kakana sardin bai taɓa yankewa a cikinsa ba."

Jerko har rawa ya taka. Uwarsa Luce, wadda ke sana'ar jera sardin da gishiri a ganga, ta ce, "Bartul ya ba ka wurinsa? Bartul da ya hana surukinsa? Je ka duba da idonka, Jerko."

"Mama, masani ba ya jiƙa takalmi. Ki tsaya a gangarki."

Ko a taswira bai ɗora lambobin ba. Ya zuba su yadda suke, ya rangaɗa shafi tamanin. Wuri na uku ya ba shi zurfin mita arba'in, ya kira shi "taskar da sauyin yanayi ya kasa taɓawa". Abin haushi, takardar ta tsallake zagayen farko! Kwana uku mutumin yana gaisawa da jama'a da yatsa biyu.

Sai gidauniya ta turo Madam Dunja ta tabbatar da wuraren, mace marar son surutu, da na'urarta a hannu. Jerko ya sha ƙwayar hana amai biyu, ya ɗaura rigar ceto a kan kwat, suka shiga kwalekwalen Bartul. Madam ta danna lambar farko, ta juya gabas, ta juya yamma.

"Dakta, kibiyar na'urar nan tudu take nunawa."

"Na'urar ce ba ta saba da iskar nan ba, Madam."

"Mu bi ta mu gani."

Suka sauko daga kwalekwalen suka kama hawan dutse, rabin gari na biye da su. Wuri na farko garken awakin Bartul ne. Na biyu maƙabarta.

"Kuskuren bugawa ne," in ji Jerko, gumi na bin rigar ceto. "Na ukun shi ne zuciyar binciken."

Kibiya ta gangaro da su cikin gari, ta shiga wani lungu, ta tsaya cak a ƙofar da Jerko ya fita ta cikinta da safe. Luce ta leƙo daga ɗakin gangunanta, hannu duk gishiri.

"Jerko, baƙuwa ka kawo ba ka faɗa ba? Kilo nawa take so?"

Madam Dunja ta buɗe shafi na sittin na takardar Jerko ta karanta a fili, "Zurfi mita arba'in." Ta leƙa ɗakin. "Matakala uku na gani." Ta rufe takardar, ta sayi kilo ɗaya, ta bi jirgin rana. Wasiƙar gidauniya ta hana tallafi da ta cibiya ta kora a mako guda suka iso.

Yanzu kullum da safe Jerko na durƙushe gaban ganga, jerin sardin, jerin gishiri, uwarsa na tsaye a kansa tana gyara masa. Ranar nan Bartul ya biyo ta lungun, ya cire hula.

"Sannu da ƙoƙari, Dakta. Ashe dai an tura ka wurin binciken."